Allura Ɗaya Kafin Wuƙa

Duk likitan da ya yi karatu a Zariya kafin 2005, shekarar da aka kwashe asibitin koyarwa aka koma Shika, ya san cewa ilimin ciwon zuciya a Arewa a Tudun Wada aka yanke masa cibi. Tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan har gobe, ɗan tattaki kaɗan daga harabar Kongo inda ake karantar da lauyoyi da ma'aikatan mulki. A cikinsa ne Farfesa Eldryd Parry, ɗan ƙasar Birtaniya, ya riƙe sashen cututtukan manya daga 1969 zuwa 1977. Shi da Neil Davidson suka bi diddigin matan da zuciyarsu ke kumbura ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, suna zargin wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Ta wannan ƙofa sunan Zariya ya shiga littattafan likitancin duniya. Sai a 2020 rajistar da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a faɗin Nijeriya ta sassauta wa kanwa da ruwan zafi, ta fi nuna yatsa ga rama da talauci da hawan jinin masu juna biyu.

Abin da muka gada daga waccan makaranta shi ne kunne da yatsa. Malamanmu ba su yarda ka nemi wata na'ura ba sai ka riƙe hannun mara lafiya ka ƙirga bugun jininsa minti guda cur, ka duba jijiyar wuyansa, ka saurari ƙirjinsa. Da wannan kaɗai muna gane wani ciwo wanda, a zamanin ɗalibtarmu, ganewar ba ta tsinana wa mai shi komai. Dattijo ne za a kawo, ya yanke jiki ya faɗi a sahun salla ko a kasuwa, ya farfaɗo, bayan kwana biyu ya sake. Ka taɓa hannunsa ka ji bugu talatin da biyar a minti, maimakon sittin zuwa ɗari. Zuciya tana da wutar lantarkinta, tana tasowa daga ɗakunan sama ta bi wata siririyar hanya zuwa na ƙasa. In tsufa ya cinye hanyar, sai ɗakunan ƙasa su riƙa bugawa a hankali da ƙarfin kansu, wani lokaci su tsaya cak na wasu daƙiƙoƙi, mutum ya suma. Babu ƙwayar da ke gyara wannan. Sai batirin zuciya, wato na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin wuya, a zura wayarta ta jijiyar jini har cikin zuciya. Mu kuwa abin da ke hannunmu biro ne. Mu rubuta takarda a kai shi Kudu ko ƙasar waje, mun san kuma galibi gida za a mayar da shi.

Lamarin ya canza, amma bai canza sosai ba. An fara buɗe zuciya a yi mata aiki a Nijeriya tun Fabrairun 1974 a Inugu, duk da haka binciken da ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka ta buga a 2018, wanda ya tattaro bayanan ƙasashe 31 na shekarun 2011 zuwa 2016, ya sa Nijeriya a ƙarshen layin ƙasashen da ake yin aikin: dashen batir 0.14 ga kowane mutum miliyan ɗaya, inda Tunisiya ke da 233. Jamus ta haura dubu. Ko da an ce ƙidayar ta tsallake wasu asibitocin kuɗi, tazarar ta fi ƙarfin gardama. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas ya ba da rahoton marasa lafiya 51 cikin shekara biyar, daga 2008 zuwa 2012, adadin da babban asibiti a Turai kan yi cikin 'yan makonni. Batir ɗaya a yau miliyoyin naira ne, kuma sau da yawa gona ce ko shanu ko karo-karon dangi. Shi ya sa maganar ƙwayoyin cuta, wadda a Turai kaso ce da ake rubutawa a rahoto, a wurinmu maganar ko mutum zai sake samun wani batir ce har abada.

Tun farkon wannan sana'a ƙwayoyin cuta ke biye da ita. A ranar 31 ga Oktoban 1957 aka ɗauke wuta a birnin Minneapolis na Amurka, alhali yaran da likitan tiyata Walton Lillehei ya yi wa aikin zuciya suna jone da manyan na'urori masu cin wutar bango. Wannan ne ya sa ya nemi injiniya Earl Bakken ya haɗa masa mai aiki da batir. Nakan gaya wa ɗalibai cewa har a can ɗauke wuta ce ta haifi na'urar, don su daina ganin matsalarmu a kanmu aka fara. Sai dai akwatin Bakken a waje yake rataye, wayarsa ta huda fata ta shiga, kuma duk inda waya ta huda fata ta zauna, ƙofa ce a buɗe. Don a rufe ƙofar aka yi tunanin binne komai a ciki. Ranar 8 ga Oktoban 1958, a asibitin Karolinska da ke Suwidin, Ake Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar da Rune Elmqvist ya ƙera. Cikin 'yan sa'o'i ta mutu, aka sa ta biyu. Larsson ya yi amfani da na'urori fiye da ashirin a rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan ya binne likitan da injiniyan duka. A New York kuma Seymour Furman ya nuna ana iya bi ta jijiyar jini ba sai an tsaga ƙirji ba, a 1980 aka dasa na'ura ta farko mai girgiza zuciya da wuta in ta rikice, a asibitin Johns Hopkins.

Binne na'urar ya rufe ƙofa ɗaya ya buɗe wata. Jiki yana iya yaƙi da dubban ƙwayoyin cuta a cikin tsoka mai rai, domin jini yana kai wa wurin dakaru da magani. Ƙarfe da roba ba su da jini. A 1982 wasu masu bincike a Kanada, Marrie da Nelligan da Costerton, suka ɗauki wayar batir da aka ciro daga zuciyar wani mutum da jininsa ya ƙi tsabtata duk da makonnin allurai, suka duba ta da madubi mai ƙarfin gaske. Suka tarar ƙwayar istafilokokus ta manne a jikin wayar ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da ita kanta ta samar. Cikin wannan yauƙin magani ba ya yi mata illa. A 1998 Antoine Da Costa da abokan aikinsa a Faransa suka ƙara wani haske: suka riƙa ɗaukar samfur daga fatar marasa lafiya ranar aiki, suka ga cewa ƙwayar da ke fitowa da mugunya bayan watanni sau da yawa ita ce wadda ke zaune a fatar mutumin tun ranar. Kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na irin wannan ruɓewa dangin istafilokokus ne ke haddasa ta, kuma mazauninsu fata da hanci. Abokin gabar tare da mara lafiya yake shigowa ɗakin tiyata, kuma cikin sa'a ɗaya ko biyu da fata ke buɗe ake cin yaƙin ko a faɗi.

In aka faɗi, hukuncin mai tsanani ne, kuma babu saɓani a kansa: a cire komai, batir da wayoyi. Wayar da ta shekara a jijiya tana mannewa, cire ta aiki ne mai haɗari da ke buƙatar kayan da ba kowace cibiya ke da su ba. Yadda abin ke iso mana a nan kusan iri ɗaya ne kullum. An yi wa baba aiki a wani gari mai nisa ko wata ƙasa, ya dawo gida lafiya. Bayan wata biyu wurin ya yi ja, ya ɗan tasa, yana sheƙi. Sai a je kemis a karɓo Ampiclox, ya lafa, ya dawo, a sake karɓowa. Wani ya ce maruru ne a matse, wani ya kawo sirinji a zuƙe, wani ya ambaci wanzami. Ranar da za a kawo shi, fata ta riga ta ɓule ana hango ƙarfe, ko kuma zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya domin ƙwayar ta bi waya ta sauka cikin zuciya. 'Ya'yansa su ce, "Likita, ba za a wanke a ɗinke ba? Wallahi gona muka sayar." Babu likitan da ke jin daɗin amsa wannan tambayar.

To, me zai hana a kai ga nan? Amsar ta riga dashen batir yaɗuwa. A 1961 wani likitan tiyata a Boston, John Burke, ya riƙa sa ƙwayoyin cuta a fatar ɓerayen masar yana ba su maganin kashe ƙwayoyin a lokuta daban-daban. In maganin ya riga ƙwayar shiga jiki, miki ba ya tashi. In an jinkirta, amfaninsa yana raguwa sa'a bayan sa'a, bayan sa'a uku kuwa ya zama ihu bayan hari. Bayan shekara talatin aka tabbatar da haka a kan dubban mutane. A 1992 David Classen ya bi marasa lafiya 2,847 da aka yi wa tiyata iri-iri a Salt Lake City. Waɗanda aka yi wa allurar cikin sa'a biyu kafin wuƙa, kashi 0.6 cikin ɗari ne mikinsu ya ruɓe. Waɗanda aka jinkirta wa fiye da sa'a uku bayan an fara, kashi 3.3. Waɗanda kuma aka yi wa da wuri ƙwarai, sa'o'i da yawa kafin aiki, kashi 3.8.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne wanda ya kamata a rubuta a bangon kowane ɗakin tiyata namu. Na sha gani a wuraren da na yi aiki: an rubuta allurar rigakafi, ma'aikaciyar jinya mai himma ta yi ta da asuba tare da sauran magungunan safe, sannan aka shiga jira. Ana jiran rasit, ana jiran a tayar da janareta, ana jiran injin hoton da ake bin waya da shi. Sai bayan azahar wuƙa ta taɓa fata, lokacin da ƙoda ta riga ta fitar da yawancin maganin, domin magani irin sefazolin cikin kamar sa'a biyu rabinsa ke barin jini. A takarda an yi rigakafi. A jikin mutum ba a yi ba. Tsarin tambayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda ake karantawa da ƙarfi kafin a fara yanka, yana da tambaya ɗaya kan haka: an yi allurar cikin minti sittin da suka wuce? Gyaran ba ya cin ko sisi. A ajiye allurar sai mara lafiya ya hau tebur.

Su kansu likitocin batir sun daɗe suna ja-in-ja. A shekarun 1980 da farkon 1990 an yi ƙananan gwaje-gwaje a Ingila da Suwidin, wani ya ce rigakafin na da amfani, wani ya ce babu bambanci, saboda ruɓewar ba ta da yawan da mutum ɗari biyu ko uku za su nuna gaskiyarta. Da Costa ya haɗa bakwai daga cikinsu a 1998, mutum 2,023, ya ga ma'auni ya rinjaya wajen yin allurar. Gardamar ba ta mutu ba sai a Birazil. A cibiyar zuciya ta Sao Paulo, Julio de Oliveira ya raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, wasu giram ɗaya na sefazolin dab da fara aiki, wasu allurar da ba magani a ciki, ba likita ba mara lafiya babu wanda ya san wace aka yi wa wa. An shirya ɗaukar mutum dubu. Da aka kai 649 kwamitin sa ido ya tsayar da gwajin, domin ci gaba da hana wasu maganin ya zama zalunci: kashi 0.63 cikin ɗari a ɓangaren magani, kashi 3.28 a ɗaya ɓangaren. An buga a 2009. Ina son wannan bincike fiye da sauran, don ba daga Landan ko Boston ya fito ba, kuma maganin da ya gwada ba na masu kuɗi ba ne.

Daga nan hankalin ɗan Adam ya yi abin da ya saba: in ɗaya ta yi amfani, ashe uku za su fi. Aka gwada. A asibitoci 28 na Kanada da Holan, Andrew Krahn ya jagoranci binciken mutum 19,603 da aka buga a 2018. Wasu sun samu allura ɗaya kafin aiki kawai. Wasu aka haɗa musu sefazolin da bankomaisin, aka wanke aljihun da aka haƙa wa batir da ruwan magani, aka sallame su da ƙwayoyin sha na kwana biyu. Bayan shekara guda, waɗanda aka kwantar saboda ruɓewa kashi 1.03 ne a rukunin farko, 0.78 a na biyu, tazarar da lissafi bai iya raba ta da katari ba. Abin da ya nuna amfani a fili shi ne wata jakar raga mai narkewa da ake sa batir a ciki, tana sakin magani iri biyu a wurin: gwajin mutum 6,983 a 2019 ya rage manyan ruɓewa daga kashi 1.2 zuwa 0.7. Amma kuɗinta ƙari ne mai nauyi kan kuɗin da da ma ya gagara, don haka a nan sai dai mu karanta. Haka ma ƙaramin batirin da ba shi da waya ba shi da aljihu, wanda ake zurawa ta jijiyar cinya a maƙale shi cikin zuciya, wanda Amurka ta amince da shi a 2016.

Sauran darussan duk na hannu ne. Jinin da ya taru a aljihun batir abinci ne ga ƙwayar cuta. Binciken David Birnie a Kanada ya nuna babbar taruwar jini na ninka haɗarin ruɓewa fiye da sau bakwai, ya kuma nuna a 2013 cewa barin mutum kan maganinsa na hana jini daskarewa, wato warfarin, ya fi a sauya masa da allurar hefarin, domin taruwar jini kashi 3.5 ce da na farko, kashi 16 da na biyu. Bincike kan mutum 6,319 a Faransa a 2007 ya gano cewa zazzaɓi cikin sa'a 24 kafin aiki, da barin wayar wucin gadi a jijiya, da komawa a sake buɗe wurin da wuri, duk suna jawo masifa. Ƙungiyar likitocin bugun zuciya ta Turai ta tattara waɗannan a 2020: mai zazzaɓi a ɗaga masa, gashi a rage da kilifa ba reza ba, a shafa maganin fata a jira ya bushe, allura cikin sa'a guda kafin yanka, kada a soka wa taruwar jini allura, kuma bayan an ɗinke, babu sauran maganin ƙwayoyin cuta.

Wannan na ƙarshen ne ke da wuyar haɗiya a ƙasarmu, ga likita da majinyaci baki ɗaya. Al'adarmu bayan kowace tiyata ita ce Rocephin safe da yamma, da Flagyl a ƙarin ruwa, sannan a sallami mutum da mako guda ko biyu na kafso. Hujjar da abokan aiki ke kawowa ban raina ta ba. Suna cewa ɗakunan tiyatar Kanada ba su san ƙurar hunturu ba, ba su san gumin bazara da ƙurajen zafi ba, ba a katse musu wuta tukunyar dafa kayan aiki na tsakiyar aiki, kuma majinyacinsu ba zai koma ƙauyen da sai an yi tafiyar yini kafin a ga likita ba. Gaskiya ne ba a yi waɗancan gwaje-gwaje a irin yanayinmu ba. Sai dai ƙwayar cuta ba ta canza ɗabi'a don ta zo Zazzau. In ta manne wa ƙarfe ranar aiki, kafson mako biyu rufe ta kawai zai yi, ta fito bayan wata uku ta ƙara taurin kai. Ga shi kuma Rocephin ɗin da muke ji da shi, wato seftiriyazon, bai kai sefazolin ƙarfi a kan istafilokokus ba. Yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani da ba su yi mana laifi ba, ya bar wadda muke nema da sauran numfashi. Muna amfani da shi ne saboda shi ke cikin kowane kanti, sefazolin kuwa sai an nema. Wannan matsalar masu sayo magani ce, kuma ana iya warware ta da takardar oda ɗaya.

Akwai matsin dangi ma. Ka sallami mutum bayan aikin miliyoyi ba ka rubuta masa ko ƙwaya ɗaya ba, sai babban ɗansa ya biyo ka baranda ya ce, "Ranka ya daɗe, ko an manta ne?" In ka ce ba a buƙata, a hanyar gida za a tsaya kemis. Lissafin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen gwargwadon jama'arta. Nijeriya ta fitar da shirin ƙasa kan wannan tun 2017. Shiri a Abuja ba ya hana yaron kemis ƙirga kafso huɗu a leda.

Inda aka gwada a asibitocinmu, abin da ya fito yana ƙarfafa gwiwar mai ƙaramin ƙarfi. Wasu manyan gwaje-gwaje biyu kan tiyatar ciki, da aka yi a ƙasashe bakwai har da Nijeriya da Gana da Binin, sun nuna a 2021 cewa zaren ɗinki mai magani da sabon maganin shafa fata ba su fi zare na yau da kullum da aidin ba, sannan a 2022 cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin a rufe miki ya rage ruɓewa daga kashi 18.9 zuwa 16. Tiyatar ciki daban take da dashen batir, amma ni dai tun daga lokacin ba na taɓa na'urar sai na sauya safa.

Yanzu kuma gardamar ta koma kan 'yar ƙaramar na'ura wadda ba ta bugawa, saurare kawai take yi. Asalinta daga Norman Holter ne na jihar Montana, wanda a ƙarshen shekarun 1940 ya goya kayan ɗaukar bugun zuciya masu nauyin kusan kilo 38 a bayansa. Na'urar da ke ɗauke da sunansa yau ana rataya wa mutum ita yini ɗaya ko biyu. Amma mai suma sau biyu a shekara fa? Yini biyu ba za su kama komai ba. A garin Landan na Kanada, George Klein da Krahn ɗin nan da na ambata suka gwada dasa na'urar naɗa ƙarƙashin fatar ƙirji a shekarun 1990, kamfanin Medtronic ya fito da ita kasuwa a 1998 da sunan Reveal. Wadda ta fito a 2014 ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ana tura ta ta yankan da bai kai santimita ɗaya ba cikin 'yan mintoci, ta yi kamar shekara uku tana naɗa. Masu buƙatarta a cikinmu suna da yawa: matashiyar da aka shekara ana yi wa ruƙiyya ko ana ba ta maganin farfaɗiya alhali zuciyarta ce ke tsayawa, da magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye ba a san daga ina gudan jinin ya taso ba. Masu samunta ne ba su da yawa.

Shin ita ma sai an yi mata allurar rigakafi? Babu gwajin ƙuri'a irin na Sao Paulo a kanta, don haka cibiyoyi suka rabu, wasu na yi bisa sabo, wasu sun daina. Wani rahoto daga Amurka a 2016 kan mutum 375 ya nuna kusan biyu bisa uku ba a ba su komai ba kafin aiki, ruɓewa ta tsaya wajen ɗaya cikin ɗari, kuma waɗanda ba a ba wa ba ba su fi sauran shan wahala ba. Dalilin yana da sauƙin ganewa. Wannan na'ura ba ta da wayar da ta shiga jijiya, don haka ƙwayar cuta ba ta da hanyar sauka zuciya. In wurin ya ruɓe, a kashe fata a zaro ta, miki ya warke. An yi asarar kuɗi, rai kuwa ba ya rataye da ita. Ra'ayina shi ne mai lafiyar jiki da za a sa wa ita a ɗaki mai tsabta ba ya buƙatar allura. Mai ciwon sukari da bai daidaita ba, ko mai wankin ƙoda, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, zan yi masa ɗaya kafin yanka, ba ƙari. Abin da na fi tsoro game da ita shi ne sauƙinta. Aikin minti biyar yana sa mutum ya ga ba sai ya sa hula da takunkumi ba, ba sai an shimfiɗa ƙyallen tiyata ba, ana iya yi a ɗakin duba marasa lafiya fanka na kaɗa ƙura.

Saura batun da aka fi yi mana tambaya a kansa cikin raɗa: batirin mamaci. A ƙasashen da ake ƙona gawa dole a cire na'urar tukuna don batirinta na fashewa a wuta, kuma da yawa suna da sauran shekaru na aiki. Cibiyar zuciya ta Montreal ta daɗe tana wanke su tana aikawa Meziko da Gwatemala da Honduras da Jamhuriyar Dominika. Rahotonta na 2020 kan mutum 1,051 ya nuna ruɓewa kashi 2 cikin ɗari a shekara biyu, sababbi kuma 1.2, bambancin da bai tabbata ba a lissafi. Jami'ar Michigan ta yi gwajin ƙuri'a kan mutum kusan 300 a ƙasashe bakwai, Nijeriya na ciki, ta bayyana a 2024 cewa cikin kwana 90 na farko tsofaffin da aka gyara ba su fi sababbi ruɓewa ba. Kwana 90 bai isa a yanke hukunci ba, tunda wannan ciwo yakan yi kwanton ɓauna, amma ga dattijo mai bugu talatin da biyar wanda ba shi da gonar sayarwa, zaɓin ba tsakanin sabo da tsoho yake ba. Iyalai kan so su tambayi malami kafin su yarda, ni kuma ba na hana su. Aikina in faɗa musu inda na'urar ta fito ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Duk alƙaluman da na kawo na wasu ne, in ban da kaɗan. Likitocin Legas sun nemi a buɗe rajistar ƙasa tun 2013, har a kan taken rahotonsu suka rubuta. Littafi ne kawai ake buƙata a kowace cibiya daga Zariya zuwa Kano zuwa Sakkwato: wa aka sa wa, wane magani aka ba shi, ƙarfe nawa aka yi allurar, ƙarfe nawa aka yanka, sannan a kira shi a waya bayan wata uku da bayan shekara. Da shi za mu daina gardama da zato kan ƙurar hunturu.

Kai kuma mai karatu, in kana da tsoho ko tsohuwa mai batir a gida, ka riƙa duba wurin lokaci zuwa lokaci. In ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya yi zafi, ko fatar ta yi siriri tana sheƙi, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya bayan an sha maganin maleriya, kada a matse, kada a soka allura, kada a fara kafso, domin kafso yana ɓata gwajin jinin da za mu gane ƙwayar da shi. A ɗauki katin na'urar a kai shi wurin likitan zuciya a ranar.